Sharhin Da Na Yi Wa Fim Ɗin Anicet

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a bakin gado sai in miƙe, in na miƙe kuma in rasa abin da na tashi yi. Shi ya sa na ce bari in zo in faɗa muku, ko kaina ya daina juyawa. Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san ni. Sababbi kuma, sunana Lassida, shekarata ashirin da shida, a unguwar Dapoya aka haife ni cikin Wagadugu, aikina kuma shi ne in kalli fim in rubuta abin da na gani. Wata jaridar intanet nake yi wa sharhi duk mako. Mama har yau ba ta yarda aiki ba ne. In maƙwabta suka tambaye ta sai ta ce, "Tana nan tana zagin mutane a waya."

Asabar ɗin nan dangin Anicet za su zo gidanmu pug-pusum, gaisuwar surukai. Anicet Ilboudo aminin yayana Teles ne tun suna firamare, a tsakar gidanmu ya girma, kuma sai bara na gane cewa ba don Teles kaɗai yake yawan zuwa ba. Kwana goma ke nan gidan ya koma kasuwa. Tanti Honorine, ƙanwar Mama, ta taso daga Kudugu da jakunkuna uku da zabi huɗu a kwando, ta ƙwace ɗakin baƙi, ta ƙwace madafa, ta kusa ƙwace numfashina.

Jiya Talata da safe na fito cikin baƙin wando da rigar koko dunda, rinin gargajiyar nan, mai ruwan lemo, hular kwano a hannuna. Tanti tana zaune kan tabarma ta baza danfani, saƙin hannu na ƙasarmu, kala uku.

"Ina zuwa da wando kamar mai gyaran lantarki?"

"Sinima, Tanti. Yau za a nuna wa 'yan jarida fim ɗin Anicet."

"To ki tafa masa. Ko ba daɗi ki tafa. Ni shekara talatin ina yaba waƙar mijina a coci, muryarsa kuwa kamar an taka agwagwa."

Mama ta leƙo daga madafa da ludayi. "Ki gaishe min da ɗana. Ki ce kar ya manta, kawunsa ne zai fara magana ranar Asabar, ba shi ba."

Ɗana. Haka take kiransa, kuma akwai dalili. Shekara shida da suka wuce aka sallamo Yaya Teles daga makarantar horar da limaman coci, saura shekara biyu ya zama fada. Bai taɓa faɗa mana me ya faru ba. Mama ta daina zama a layin gaba ranar Lahadi saboda kallon da mata ke yi mata. Ana cikin haka, wata yamma a watan Agusta, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, santsi ya kwashe Anicet daga bakin dam ɗin Tanghin, Teles ya faɗa ya ciro shi. Daga ranar Mama ta koma layin gaba. Babu baƙon da zai sha ruwa a gidanmu bai ji labarin nan ba. "Allah ya dawo min da shi gida ne don ya ceci rai," haka take rufewa kullum. Teles yanzu firji yake gyarawa a Gounghin, mutum ne mai shiru, in ana ba da labarin sai ya tashi ya je duba babur ɗinsa.

Shekara uku Anicet ya yi yana haɗa fim ɗin nan, da kyamarar aro da abokai da haƙuri. Ko minti ɗaya bai bari na gani ba. Na so a ba wani sharhin, amma abokin aikina yana kwance da zazzaɓi, sai editarmu Rasmata ta turo min saƙo: "Ke za ki je. Ki rubuta a layin farko cewa saurayinki ne, kowa ya sani. In kika yi masa sassauci zan gane." Na mayar mata: "Kin taɓa gani na yi wa wani?" Ku dubi girman kai.

Ƙarfe goma aka kashe fitilu. Mu kamar arba'in ne a ƙaramin zauren, fanka biyu ke aiki cikin biyar. Sunan fim ɗin *Biyu Kan Babur Ɗaya*. Labarin abokai biyu ne da suka haɗa tsohon babur guda. Ɗaya Sibiri, mai ɗaukar hoton biki, baki kamar rediyo. Ɗayan kuma an koro shi daga makarantar fada, unguwa ta laƙaba masa Saura-Kaɗan.

Wallahi na yi dariya. Akwai inda suka je ɗaukar biki suka shiga gidan da ba shi ba, suka yi awa biyu suna ɗaukar amaryar wani, har Sibiri yana gyara wa uwar ango ɗaurin kai. Akwai inda babur ya mutu a tsakiyar titi, Saura-Kaɗan ya ɗora masa hannu yana addu'a da Latin, Sibiri yana ihu, "Mai ne babu, Fada, ba aljani ba ne!" Ɗan jaridar da ke gefena har ƙwarewa ya yi. Na manta ni ce budurwar darakta, na manta littafin rubutun da ke kan cinyata.

Sai Saura-Kaɗan ya ja kunnensa na hagu kafin ya yi wa uwarsa ƙarya.

Nan take na daina dariya. Teles ne. Haka yake yi tun muna yara. Daga nan duk abin da jarumin ya yi yayana nake gani: yadda yake cin benga, ya tsince waken ya bar shinkafar sai ƙarshe, yadda yake cewa "ba komai" sau biyu. Mutum arba'in suna ƙyaƙyata wa yayana dariya, ni ma da bakina na taya su.

Sai aka zo dam ɗin Tanghin. Ruwan sama, bakin dam ɗin, komai kamar yadda Mama ke faɗa. Amma a allon ba santsi ba ne. Saura-Kaɗan ne ya tafi ruwan da ƙafarsa, da niyya. Sibiri, mai kyamara, wato Anicet, shi ne ya yar da babur ya faɗa ya ciro shi. Wata mata a bayana tana jan hanci. Da aka kunna fitila kowa ya miƙe yana tafi, ni kuwa na tattara littafina na fice.

A waje na same shi, cikin rigar danfani fara da shuɗi wadda na zaɓa masa, gumi ya jiƙe masa baya. Ya bar mutanen da ke taya shi murna ya nufo ni.

"Yaya kika gani, 'yar jarida?"

"Teles ya ga fim ɗin nan?"

"Lassida, zo mu sami wuri mu zauna."

"Ya gani ko bai gani ba?"

Ya kalli ƙasa. "Wannan shi za ki tambaya."

"Kai nake tambaya. Mutum ya ciro ka daga ruwa, ka mai da shi abin dariya awa guda, sannan ka ƙwace abu ɗaya da ya rage masa ka yafa wa kanka?"

"Ba zan iya ba ki amsa ba."

"Ba za ka iya ba, ko babu?"

"Ba zan iya ba," ya sake cewa, a hankali.

Na kifa hular kwanona na ja babur. Na kira Teles sau uku a hanya, waya a kashe, in yana cikin aiki haka yake yi. Da na jira shi. Na san yanzu duk kuna cewa da na jira shi. Amma wata 'yar rumfar shayi na samu a Zogona, na ce a ba ni zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, na buɗe kwamfuta, cikin minti hamsin na gama. Ga kaɗan daga ciki:

"Daraktan fim ɗin nan saurayina ne, don haka ku auna maganata yadda kuka ga dama. Awar farko ita ce mafi daɗin abin da aka ɗauka a garin nan cikin shekarun nan. Ya san yadda maza ke son juna ba tare da sun furta ba: da zagi, da raba kwano, da tura babur tare a rana. Jaruman biyu kamar tare aka yaye su. Sautin yana da matsala, duk inda aka yi magana a titi ƙarar motoci ta cinye rabi. Amma babbar matsalar ba ta sauti ba ce. Fim ne a kan abota wanda aka gina da cin amanar aboki. Na san mutumin da aka kwaikwaya, na kuma san wanda ya ciro wani daga dam ɗin Tanghin. Darakta ya juya labarin don ya fito jarumi. Wanda ya yi wa amininsa haka bai san abin da yake ɗauka ba."

Rasmata ta kira ni nan take. "Kin tabbata? Asabar fa saura kwana huɗu."

"Ki sa shi."

"Lassida, ni zan so shi, mutane za su karanta. Ke nake tambaya."

"Na ce ki sa."

Ƙarfe huɗu sharhin ya hau shafin jaridar. Kafin in isa Dapoya wayata ta ɗauki zafi a aljihu. Wata ƙawata: "Ke!!! Auren fa?" Wani da ban sani ba: "Jaruma, haka ake aiki." Wani kuma: "Wannan ba sharhi ba ne, faɗan gida ne." An tura shi a zauren hirar waya na tsofaffin 'yan ajinmu, an tura a na 'yan fim, har wani ya yanko layin ƙarshe ya ɗora kan hoton Anicet. Daga shi kansa kuwa saƙo ɗaya ya shigo, ƙarfe biyar da minti bakwai: "Na karanta."

A gida Tanti ta tsayar da ni a tsakar gida tana gwada min saƙi a kafaɗa, fil a bakinta.

"Tsaya mana, kamar mai ƙudan zuma a wando. Kin tafa?"

"An tafa, Tanti."

"Ban ce an tafa ba."

Mama ta ajiye min tuwon masara da miyar kuɓewa, na yi loma biyu na ce kaina ke ciwo.

Yau da safe, wajen ƙarfe tara, na ji ƙarar babur ɗin Teles. Ba ya zuwa ranar Laraba. Ya gaida Mama da Tanti a madafa, ya shigo ɗakina da rigar aikinsa mai tabon mai, ya saki labule, ya ɗauke tulin zannuwa daga kan kujera ya zauna. Na riga shi magana.

"Yaya, kar ka ce min komai. Na san abokinka ne, amma ba zan bari..."

"Ƙanwata, zauna."

"Ka ga abin da ya yi maka?"

"Na gani. Sau huɗu. Ni na zaɓi wanda ya fito a matsayina."

Na zauna.

Ya gyara zama. "Ba ƙarya a fim ɗin nan, sai dai amaryar da suka ɗauka bisa kuskure. Wannan kam suna ne, ba biki ba." Ya yi ɗan murmushi, ya ɓace. "Ni na shiga ruwan, Lassida. Ba wanda ya zame. Tun a makaranta wani duhu ya sauko min, na daina barci, na daina ci, na daina iya addu'a. Suka ce in koma gida in huta. Na dawo na ga Mama ta koma layin baya saboda ni. Ranar nan na ga kamar kowa zai fi sauƙi in ba ni."

"Yaya..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Anicet ya biyo ni ne don ya ga na fita ba lema. Ko iyo bai iya sosai ba. Har yau ban san yadda ya yi ba. Muna kwance a bakin ruwa muna amai mutane suka taru, wani ya ce wa ya faɗa? Kafin in buɗe baki ya ce, 'Ni ne, santsi ya kwashe ni, wannan ne ya cece ni.' Shi ke nan. Kafin mu iso gida labarin ya riga mu."

Na tuna duk lokutan da Mama ta ba da labarin nan a gaban Anicet, yana dariya yana cewa, "Haka ne, Mama, nauyi gare ni kamar buhun dawa."

"Kin tuna ƙwallon da muke zuwa duk Alhamis, shekara guda?"

Na gyaɗa kai.

"Kin taɓa ganin na buga ƙwallo? Wajen likita yake kai ni. Ya zauna a benci a waje har in fito. Yanzu lafiyata ƙalau, kin gani. Amma na gaji da zama jarumin da ba ni ba. Duk ranar da Mama ta ba da labarin nan sai in ji kamar na sake yi mata sata. Bakina ya kasa faɗa mata. Sai na ce masa, kai mai kyamara, ka faɗa mata a fim a madadina. Ka sa dariya da yawa, don in ta zo wajen ruwan ta riga ta so mutumin. Ya ƙi, wata shida ina binsa. Da ya yarda na sa ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har ke. Niyyata bayan Asabar in kai ku sinima ke da Mama, in zauna a tsakiyarku."

"Me ya sa bai faɗa min jiya ba? Kalma ɗaya!"

"Haka yake. In ya riƙe maka abu, ya riƙe."

Na rarumi wayata. "Zan sa Rasmata ta goge."

"Mutum nawa suka karanta?"

Na duba. Na ga yawansu, na kau da ido.

Akwai saƙon Anicet tun ƙarfe takwas, ban gani ba. "Kar ki goge. Abin da kika ce kan sauti gaskiya ne, zan gyara. Sauran ba ni da ikon amsawa. Kawuna ya karanta, ya ce ba zai jira Asabar ba, yau zai zo ƙarfe huɗu ya ji ko gidanku maciya amana suke ɗaukarmu. Na yi ƙoƙarin hana shi." Na kira shi, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Ina ɗago kai na ga labule ya motsa. Mama ce a tsaye, tsintsiya a hannunta. Ban san tun yaushe take wurin ba. Teles ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi.

"Mama..."

Ta jingine tsintsiyar a bango, ta shigo, ta tashi kujerar, ta zauna a kai.

"Ranar nan," ta ce, "da takalminka a bushe ka dawo, ka rataya shi a wuya. Anicet ya dawo da ƙafa ɗaya ba takalmi. Wanda ya ga ɗan'uwansa yana nutsewa ba ya tsayawa kwance igiya."

Teles ya juyo ya kalle ta.

"Kin sani?" Ya tambaya.

"Ni na haife ka."

"To me ya sa kike ta ba da labarin?"

"Na ga shi ne ya tsayar da kai da ƙafafunka. Na ce in ƙaryar nan ce za ta riƙe min ɗana, zan faɗe ta har in mutu. Ban san ciwo take yi maka ba." Ta share ido da bakin zaninta. "Kana tsammani don me nake kiran yaron nan ɗana?"

Teles ya durƙusa ya kifa kai a cinyarta, mutum mai shekara talatin da ɗaya, kafaɗunsa suna girgiza. Ta dafa ƙeyarsa, ta ɗago ta kalle ni ta saman kansa.

"Ke kuma, Honorine ta karanta min abin da kika rubuta. Tun jiya 'yarta ta turo mata."

"Mama, ban sani ba..."

"Ba ki sani ba, kika rubuta kin sani. Kawun nan in ya zo, ba ni zan yi magana ba, ba Honorine ba. Da bakinki kika ɓata, da bakinki za ki gyara. Kuma ba za ki taɓa sirrin yayanki ba sai in shi ya ba ki."

Teles ya ɗago, idonsa jajur. "Na ba ta. Ta rubuta duka, a inda ta ga dama. Na gaji."

Shi ya sa kuke karanta wannan. Na tura wa Rasmata gyara mai layi biyar, na ce ta ɗora a saman sharhin, kar ta cire ko harafi daga na jiya, kowa ya ga abin da na yi. Ta amsa da kalma ɗaya: "To." Anicet kuwa har yanzu wayarsa a kashe. Na tura saƙo goma sha ɗaya, duk alama ɗaya suka tsaya a kai, ba su ma shiga wayarsa ba.

Tanti ta cire min wando da ƙarfin tsiya ta ɗaura min danfanin Asabar, ta ce in za a fasa aure ma a fasa shi ina da kyau. Ta yanka zabo ɗaya, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin mangwaro. Teles yana zaune a can da rigar aikinsa, ya ƙi komawa shago. Na rubuta abin da zan faɗa wa kawun a takarda, na yaga, na sake rubutawa, na sake yagawa.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar. Ga babur ya tsaya a ƙofar gida, na ji muryar tsohon, kawun Anicet, yana sallama. Na leƙa ta taga ina neman farar rigar Anicet mai shuɗi a bayansa.

Shi kaɗai ne.

Mama tana kirana.